Wayar Teburin Tsakiya

Duk wanda ya taɓa kai wa Injiniya kaya gyara ya san halinsa guda biyu. Idan ya kwance rediyo ko fanka ya mayar, sai noti ɗaya ya yi saura a kan tebur, shi kuwa ya ce dama kamfani don ado ya sa shi. Sannan babu abin da ke fita daga hannunsa sai ya manna masa sitikarsa, 'yar ja mai ɗauke da lambar wayarsa da rubutun "Injiniya Ya Taɓa". Ko batir ya canza maka a tocila sai ya manna. Sunan Injiniyan ma ba wata makaranta ce ta ba shi ba, shi ya rubuta abinsa a allon shago, mutanen layi suka yi gardama na wata biyu suka gaji suka bi.

A gidansa shi ya ja wayar wuta da hannunsa. Saboda haka idan ka danna makunnin falo, fitilar kicin ce ke kamawa, na kicin kuma ta banɗaki yake kunnawa. Matarsa, wadda layi ke kira Mai Ƙanƙara saboda sana'arta, ta shekara goma sha bakwai a gidan, ta haddace komai. Baƙo ne kawai ke shan wahala.

Sana'ar tata kuwa a kan firiza ɗaya ta dogara, wani tsoho mai gurnani wanda ta zo da shi tun farkon aure. Da shi take yin ƙanƙara da ruwan sanyi, masu shaguna da direbobi suna layi a ƙofarta. Wata rana Injiniya ya tsaya kusa da shi, ya kasa kunne, ya ce wannan gurnanin ba na lafiya ba ne. Ta roƙe shi ya bar mata abinta. Ya ce minti goma ne. Ya kwance bayansa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya mayar, ya manna sitika. Gurnani ya daina, sanyi ma ya daina.

Wata biyar ke nan. Masu sayen ƙanƙara sun koma wajen wata mata a bakin titi, ga zafi na ƙaratowa. Abin ya ci wa Mai Ƙanƙara rai ƙwarai, don ba ciniki kaɗai ta rasa ba, har da gaisuwar safe da hirar ƙofar gida da jin cewa ita ma ana nemanta. Kullum sai ta goge firizan da tsumma ta rufe shi da zane. Injiniya kuma yana cewa wani ɗan ƙarfe yake jira a kawo masa daga nesa.

To, akwai wani shiri da gidan talabijin ke yi duk yammacin Asabar, kai-tsaye, mai suna Danna Ka Ci. Mutum uku ake tsayarwa, kowa da teburinsa da maɓalli da fitila. Mai gabatarwa ya karanta tambaya, wanda fitilarsa ta fara kamawa shi zai amsa. Wanda ya fi maki ya tafi da kyautar makon. Da ƙarfe biyar ta yi Injiniya kan fito da talabijin ya ɗora a kan benci a ƙofar shago, layi ya taru. Daɗin shirin shi ne daga kan benci kowa malami ne. Tela ya san amsa, mai aski ya san amsa, wanda ke cikin talabijin ne kaɗai daƙiƙi. Mai Ƙanƙara takan tsaya a bakin ƙofa tana faɗin amsa a hankali tun kafin a gama karanta tambaya, ba mai kula ta.

Injiniya shi ba amsa yake bi ba. Ya ce shirin gaba ɗaya maguɗi ne, kuma shi ya gano bakin zaren. Shekara biyu yana lura, teburin tsakiya ne ya fi cinyewa. Dalili kuwa a wajensa a fili yake: wayar teburin tsakiya ta fi sauran gajarta, don haka wutarta ke riga isa.

Tela ya tambaye shi ko wuta ma gajiya take yi a hanya.

"Kai da allura ka sani," in ji Injiniya. "Ka taɓa ganin doguwar hanya ta riga gajeriya?"

Mai aski ya ce makon jiya ai na gefe ne ya ci. Injiniya ya ce wannan don a rufe bakin mutane irinsa aka yi. Mai aski ya ce makon da ya gabace shi ma na gefe ne. Injiniya ya ce to ka gani, sun san an fara gane su.

Ana cikin haka ne, wata Asabar, mai gabatarwa ya yaye wani ƙyalle a ƙarshen shiri, sai ga firiza fari fat, mai murfi biyu, wanda mutum zai iya kwanciya a ciki ya miƙe ƙafa. Ya ce shi ne kyautar ƙarshen wata, mai so ya kira lambar da ke ƙasa ya amsa tambayoyin tantancewa. Mai Ƙanƙara ta shige gida ta ɗauki waya. Bayan kwana huɗu aka kira wayar gidan aka ce an zaɓe su, amsa goma cikin goma, mutum ɗaya daga gidan ya zo ranar Asabar ta ƙarshe, ya kuma taho da ɗan rakiya.

Injiniya ne ya ɗauki wayar. Da ya ajiye sai ya yi wa matarsa bayani a tsanake, cewa amsa tambaya a waya daban, tsayawa gaban fitilu daban. Wurin nan sai wanda ya san sirrin wuta. Ta ce ita ta amsa tambayoyin. Ya ce ai shi ya sa za ta yi rakiya. Ta dube shi, ta ce abu ɗaya take roƙo, ya bar sukudirebansa a gida. Ya ce ta ɗauka an gama.

Kafin magariba layi duka ya ji. Injiniya ya auna ƙofar gida da igiya, ya ce firizan ba zai shiga ba, ya cire ƙyauren ya jingine a bango. Ya gaya wa masu shaguna su daina wahalar zuwa bakin titi, ƙanƙara na dawowa ranar Lahadi. Ya ciro ƙararrawar wani tsohon gida, ya kafa ta a kan teburin aiki, ya shiga horar da babban yatsansa. Daga safe zuwa yamma ƙararrawa ke kaɗawa. Mai aski ya yanki kunnen mutum biyu saboda firgita. Tela ya zo ya ce ko zai ɗan karanta wani abu, tunda an ce tambayoyi ake yi. Injiniya ya ce wanda ya riga dannawa yana da daƙiƙa goma na tunani, kuma shi a daƙiƙa goma babu abin da ba zai tuno ba. Tela ya tambaye shi ƙafafun gizo-gizo nawa ne. Ya ce ya danganta da irin gizo-gizon.

Amma a faɗi gaskiya, yatsan ya horu. Kafin mako biyu su cika, in ka tafa hannu, kafin tafin ya gama fita ƙararrawa ta kaɗa. Wannan kam ko tela bai musa ba.

Ranar Asabar ya sa rigarsa mai aljihu huɗu, ya danƙa wa mai aski amanar talabijin da benci, suka kama hanya tun azahar. A mota Mai Ƙanƙara ta shafa aljihunsa na sama ta ji ba komai, hankalinta ya kwanta. Ba ta shafa safarsa ba.

A gidan talabijin wata mata mai ɗauke da allon rubutu, wadda ita ce shugabar shirin, ta karɓe su. Ta tura 'yan rakiya kujerun 'yan kallo, ta kai masu gasa wani ɗaki mai madubi. Su biyu ne kawai suka iso, Injiniya da wani siririn mutum mai sayar da tabarau, wanda tun da ya zauna yake goge tafin hannunsa a wando. Mutumin ya ce shi ba don kyauta ya zo ba, mahaifiyarsa ce ke son ta gan shi a talabijin. Na ukun, wani malamin makaranta, an ce yana hanya. Shugabar ta sa suka ja ƙuri'a a cikin hula. Mai tabarau ya ja hagu, Injiniya ya ja dama, tsakiya ta rage wa wanda bai zo ba.

Injiniya ya yi murmushin wanda ya san komai. Wato tun kafin mutum ya iso an ajiye masa teburinsa.

Da ma'aikata suka fita cin abinci, ya ce zai zaga banɗaki. Hanyar banɗakin ta bi ta bayan dandalin, kuma a can, a ƙasa bayan teburan uku, ya ga wani akwatin ƙarfe da wayoyi uku suka shiga cikinsa. Ya tsuguna don ya duba kawai. Noti huɗu ne a murfin, kuma Injiniya bai taɓa ganin noti ya wuce ba. Ya zaro sukudireba daga safa.

Abin da ya gani ya tabbatar masa da zancensa na shekara biyu. Wayar dama doguwa ce, har an naɗe ragowarta an ɗaure. Ta tsakiya kuwa ko kamu uku ba ta kai ba. Ransa ya ɓaci saboda dukan bayin Allah da aka tsayar a teburin dama tun da aka fara shirin. Ya ce shi ba cuta zai yi ba, adalci zai yi. Ya zare wayoyin biyu daga mazauninsu, ya yanke kamu biyu daga tasa, ya ƙara wa ta tsakiya, ya naɗe mahaɗin da jan salatif ɗinsa. Wayoyin duka baƙaƙe ne, ramukan kuma iri ɗaya, amma shi ba ya buƙatar alama, hannunsa ya sani. Ya mayar da kowace inda hannunsa ya ce. Ya ɗauki murfi zai rufe, sai ya ji kamar wani abu bai cika ba. Ya laluba aljihu, ya ɓare sitika ɗaya, ya manna a cikin murfin, ya shafe ta da yatsa ta kwanta sosai. Ya ɗaure noti uku, na huɗun ya jefa a aljihu.

Saura minti goma sha biyar a fara, malamin makaranta ya kira ya ce motarsu ta lalace. Shugabar shirin ta tsaya tana cizon biro. Ta duba takardarta, ta dubi Injiniya, ta ce muryar da ta amsa tambayoyin tantancewa daga gidansu ta mace ce. Ya ce e, ya sa ta ta riƙe masa waya ne. Shugabar ta tambayi ko matar tana nan. Minti biyar bayan haka aka fito da Mai Ƙanƙara daga cikin 'yan kallo, ana shafa mata hoda tana cewa ita rakiya ta zo. Shugabar ta ce dokarsu ba ta hana miji da mata ba, hasali ma jama'a sun fi son irin wannan. Aka tsayar da ita a teburin tsakiya.

Injiniya ya ɗan ji tausayinta, don ya san abin da ya yi wa wayarta. Amma ya ce ba komai, firizan gida ɗaya zai je.

Fitilu suka kama, kiɗa ya tashi, mai gabatarwa ya fito da kwat mai sheƙi yana buɗe hannuwa. Ya gabatar da su ɗaya bayan ɗaya. Mai tabarau ya ɗaga wa mahaifiyarsa hannu. Mai Ƙanƙara ta gaishe da jama'a. Injiniya ya karɓe zancen, ya faɗi sunan shagonsa da kwatancensa, ya ce yana shawartar sauran biyun su yi haƙuri tun yanzu. Mai gabatarwa ya ce to a gwada maɓallai, kowa ya danna. Su ukun suka danna tare, fitilu uku suka kama tare, aka tafa.

Tambayar farko: kwana nawa ne a shekarar da watan Fabrairu ke da ashirin da tara? Kafin mai gabatarwa ya rufe baki yatsan Injiniya ya sauka. Fitilar tsakiya ta kama.

Mai Ƙanƙara ta dubi fitilarta. Ta dubi hannunta, wanda ko kusa da maɓallin bai kai ba. Ta dubi mijinta, ta gangara da ido zuwa safarsa. Matar da ta shekara goma sha bakwai tana danna makunnin falo don ta ga tukunyarta ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ta ce ɗari uku da sittin da shida. Aka ba ta maki goma. Ta janye hannuwanta daga kan tebur, ta haɗa su a bayanta.

Tambaya ta biyu ƙafafun gizo-gizo. Injiniya ya danna, fitilar tsakiya ta kama, ta ce takwas. Ta uku, 'yan wasa nawa ne a kowane ɓangare a filin ƙwallo. Ya danna da yatsa biyu, ta ce goma sha ɗaya. Ta huɗu, a wane ma'aunin sanyi ruwa ke daskarewa. Ya danna da tafin hannu har tebur ya girgiza, ta ce sifiri, ta ƙara da cewa in firizan na da lafiya. 'Yan kallo suka yi dariya ba tare da sun san dalili ba. A can layi kuwa, an ce sai da tela ya sauko daga kan benci ya zauna a ƙasa.

Mai gabatarwa ya matso wajen Injiniya, ya tambaye shi ko lafiya, ya ji shiru daga dama.

"Ina ba ta dama ne," in ji Injiniya. "Mace ce."

"To a gida wa ke riga wani?"

"A gida ni na ja wayar."

"Haka ne," in ji Mai Ƙanƙara.

Aka tafi talla tana da maki hamsin, sauran biyun ba ko ɗaya. Mai tabarau bai taɓa maɓallinsa ba tun gwaji, yana dai murmushi ga kowace kyamara da ta juyo. Injiniya ya sunkuya yana leƙen ƙarƙashin teburinsa. A ransa lissafin bai fita ba. Ya rage wayarsa, ya ƙara ta tsakiya, amma tsakiya na ci. Ke nan maguɗin ya fi yadda ya zata zurfi. Wataƙila akwai wani a sama da ke kunna fitilar da hannu. Cewa shi ne ya sa waya a ramin da ba nata ba, wannan ko a mafarki bai zo masa ba.

Matarsa ta matso, tana yi kamar tana gyara mayafi, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Baban yara, don Allah ka ci gaba da dannawa yadda kake yi. Kada ka ce komai. Saura tambaya biyar."

"Kin ga abin da suke yi ko? Ko taɓawa ba ki yi."

"Na gani. Ka danna kawai."

"Da ke suka haɗa baki?"

"Firizan nan gidanmu za shi. Ka bar shi ya je."

Ya ce zai duba. Ta koma teburinta ba tare da ta yarda ba, don ta san ma'anar zai duba a bakinsa.

Aka dawo. Ya danna, ta amsa. Ya danna, ta amsa. Yatsan nan da ya sha horon mako biyu bai kuskure ko sau ɗaya ba, kuma kowane bugu nasa maki goma ne a allon matarsa. 'Yan kallo suka fara kiran Mai Ƙanƙara suna tafi. Mai gabatarwa ya ce tun da aka fara shirin bai ga hannu mai sauri irin nata ba, ko ganin motsinsa ba a yi. Wannan maganar ta soki Injiniya har ƙashi. Hannunsa ne ake yabo, an ba wa wata. Mai gabatarwa ya ƙara da cewa wataƙila maigida ya bar nasa yatsan a shago. Dariya ta cika ɗakin, Injiniya kuma ya tuna da benci, da tela, da mai aski, da dukan waɗanda ya ce wa su zuba ido.

Maki casa'in. Ma'aikata biyu suka turo firizan tsakiyar dandali, fitila na haska shi. Mai Ƙanƙara ta kalle shi sau ɗaya ta kawar da kai, idonta ya ciko. Mai gabatarwa ya ce tambayar ƙarshe ta cika ƙa'ida ce kawai, don an riga an san mai shi. Ya karanta: da wane ƙarfe aka fi yin wayar wutar lantarki?

Wannan ita ce tambaya ɗaya tak a yammacin nan da Injiniya ya san amsarta. Ya danna da dukan ƙarfinsa. Fitilar tsakiya ta kama.

"Jan ƙarfe," in ji Mai Ƙanƙara.

Kiɗa ya tashi, takardu masu ƙyalli suka fara zubowa daga sama. Mai gabatarwa ya ɗauko makullin firizan ya nufo ta. Taku uku ya rage tsakaninsu lokacin da Injiniya ya ɗaga hannu ya ce a tsaya.

Ya ce shi ba zai yi shiru a kan zalunci ba, ko da a gidansa zaluncin zai sauka. Ya ce jama'a su shaida, matar nan tun tambayar farko hannunta na bayanta, ba ta taɓa maɓalli ba. Ya ce shekara biyu yana faɗa ana yi masa dariya, teburin tsakiya saye ne, yau ga shi a fili. Ya buƙaci a buɗe akwatin da ke bayan teburan a gaban kowa, in gidan talabijin ba shi da abin ɓoyewa.

Mai gabatarwa ya tambaye shi yadda ya san akwai akwati a bayan teburan. Ya ce aikinsa ne ya sani.

Mai Ƙanƙara ta ce, "Baban yara." 

Shugabar shirin na iya yanke shirin ta tafi talla. Amma ta dubi 'yan kallo, ta ga ba wanda ke ko ƙifta ido, sai ta yi wa mai kyamara alama ya bi. Aka kira ma'aikacin wutar gidan, wani dattijo mai furfura, ya zo ya tsuguna. Ya ce da farko dai noti ɗaya ya ɓata. Ya kwance ukun, ya ɗaga murfi, ya ja wayoyi biyu ya bi su da yatsa. Ya ce an yanka an haɗa da jan salatif, su kuwa baƙi suke amfani da shi. Ya ce an sa ta dama a ramin tsakiya, ta tsakiya a ramin dama, don haka duk dannawar da maigidan nan ya yi fitilar matarsa yake kunnawa. Mai gabatarwa ya tambaye shi ko tsawon waya na sa wani ya riga wani. Dattijon ya ce ko daga nan zuwa bakin titi aka ja ta, ba mai iya ganin bambanci.

Injiniya ya ce to a nemo wanda ya yi wannan ɗanyen aiki.

Dattijon ya juya murfin, ya karanta a ransa, ya miƙa wa kyamara. Sitikar ta cika fuskar talabijin a kowane gida, ja, a kwance sumul, ga lambar waya ga rubutu. Mai gabatarwa ya karanta da ƙarfi, a hankali, kamar yana karanta tambaya. Sannan ya tambayi Injiniya ko yana da abin cewa. Injiniya ya sa hannu a aljihu don ya samu abin yi da shi, ya fito da noti.

Shawarar ba ta ɗauki minti biyu ba. Shugabar ta ce wanda ya taɓa kayan gasa an cire shi. Makin teburin tsakiya kuma duk da yatsan wanda aka cire aka same su, daga gida ɗaya, don haka an soke su. Wani daga 'yan kallo ya ce ai matar ita ta amsa, kuma daidai ta amsa. Shugabar ta ce ta sani, amma sunan shirin Danna Ka Ci, matar kuwa ba ta danna ba. Saura mutum ɗaya da bai karya doka ba.

Aka miƙa wa mai tabarau makulli. Bai amsa tambaya ko ɗaya ba, bai taɓa maɓalli ba tun gwaji. Ya ce shi ɗaki ɗaya gare shi a hawa na uku, bai san inda zai sa shi ba. Mai gabatarwa ya ce a tafa masa, aka tafa. Ya sake ɗaga wa mahaifiyarsa hannu.

Sai bayan magariba suka sauka a bakin layi. Wayar Injiniya tun a mota take ƙara, mutane na kira daga ko'ina suna tambaya ko nan ne wajen Injiniya Ya Taɓa, in ya ce e sai su yi dariya su kashe. Ya gaya wa matarsa cewa ko ba komai shago ya samu talla. 

Benci na nan cike, ba wanda ya tashi. Ba wanda ya yi dariya kuma, don sun ga fuskar Mai Ƙanƙara. Mai aski ya ce sannunku da dawowa. Tela ya ce shi dai a ganinsa yatsan ya yi ƙoƙari, goma cikin goma. Injiniya ya tsaya zai fara bayanin cewa ramukan akwatin ne ba a yi musu lamba ba, wanda kuma laifin kamfani ne. Matarsa ta wuce ta gabansu ta shiga gida ta ƙofar da ba ƙyaure.

Ya bi ta. Ta danna makunnin falo, fitilar kicin ta kama, ta tsaya a gaban tsohon firizanta ta yaye zanen. Injiniya ya yi gyaran murya, ya ce dama yana tunani a mota, ya gano abin da ke damun firizan nan, gobe da safe minti goma ne.

Ta miƙa masa tafin hannu. Ya yi kamar bai gane ba, hannun bai sauka ba. Ya sunkuya ya zaro sukudireba daga safa ya ba ta. Hannun bai sauka ba. Ya ba ta jan salatif, ya ba ta notin. Ta ci gaba da jira, sai da ya ciro damin sitikun daga aljihu na huɗu ya ɗora a kai.

Ta buɗe firizan ta zuba su a ciki, ta rufe murfin, ta ɗauko kwaɗon da aka cire daga ƙyauren ƙofa ta datse. Ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

"Ka ga," ta ce, "yau ya fara aiki."